Ɗana zai tafi karatu tsibirin Moris: yaya zaman yau da kullum yake a can?

Tambaya daga wani mahaifi, unguwar Birni:

Assalamu alaikum, jama'ar Damagaram. Ɗana na fari ya samu gurbin karatu a jami'ar Moris, tsibirin nan na Tekun Indiya da ke gabas da Madagaska, kuma tafiyar ta matso. Takardu sun kammala, ba su ne damuwata ba. Abin da ke hana ni barci shi ne hidimar yau da kullum: yaron da iyakar cefanensa shi ne aiken da mahaifiyarsa take yi masa zuwa kasuwar Dole, wanda kuma bai saba wuni babu fura ba, yaya zai yi da ci da sha, da abin hawa, da salla? Ina roƙon wanda ya zauna can ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Amsa daga wani tsohon ɗalibi, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sa ya tafi a sa'a. Ƙasar ƙarama ce, tsawon tsibirin kusan kilomita 65 ne, bai kai nisan Damagaram zuwa Magarya ba, saboda haka nisa ba zai wahalar da shi ba. Abin da yake kayar da baƙo shi ne lokaci. A nan mutum yana iya fita bayan isha'i ya tare kabu-kabu ya sayo abin da ya manta, amma a can yawancin ƙananan shaguna suna rufewa kafin magariba, bas-bas kuma suna raguwa ƙwarai da zarar dare ya fara, musamman a ƙauyuka. Ya saba da yin cefanensa da safe, ranar Asabar ta fi. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari, Metro Express, wanda yake tashi daga babban birnin Port Louis ya bi ta Rose Hill har Curepipe, yana da reshe kuma zuwa Réduit inda jami'ar take. Idan ya samu ɗaki kusa da tasha, ya huta da rabin wahala. Ku gargaɗe shi cewa motoci hannun hagu suke bi, don haka dama zai fara dubawa kafin ya tsallaka titi.

Game da abinci, gaskiya gero ba cimarsu ba ce, fura kuwa sai ya dawo gida. Shinkafa ce da burodi da kifi da wake iri-iri. Amma a babbar kasuwar Port Louis zai tarar da kuɓewa, rogo, dankali, tsamiya, har da ganyen zogale ɗaure-ɗaure, wanda su romo suke yi da shi su zuba a kan shinkafa. Idan aljihu ya yi sanyi, akwai dal puri, wata fankasu mai laushi da ake cusa wa niƙaƙƙen wake a naɗe da miya, ana sayar da ita a bakin hanya da arha. Faransancin da ya koya a lakwal zai ishe shi a kasuwa, ko da yake yarensu na Kiriyol suke yi a tsakaninsu, darasi kuma yawanci da Turanci ne. Kada a sa masa kilishi a jaka, domin suna tsananta bincike kan nama a filin jirgi.

Amsa daga wata Hajiya, Garin Malam:

Alhaji, barka da arziki. Na zauna can tare da maigidana, kuma abin da nake so mahaifiyar yaron ta ji shi ne maganar laima. Mu mutanen busasshiyar ƙasa ne, mun saba a shanya wanki da hantsi a kwashe kafin azahar. A Curepipe da garuruwan tudu, inda yayyafi ba ya yankewa, riga tana iya kwana a igiya ba ta bushe ba. Takalman fata da na tafi da su daga wurin dukawanmu, na ajiye su a ƙasan kabad, da na ɗauko sai na same su sun yi fumfuna fari fat har cikin ɗinki. Ya riƙa buɗe tagogi, kada ya jingina akwati da bango, garin kuka da yaji kuma, idan an bar shi ya shiga da su, sai a kwalba mai murfi.

Yanayinsu kishiyar namu ne: zafi da ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, sanyi kuwa a Yuni zuwa Agusta, don haka a sa masa rigar sanyi. Lokacin zafin ne kuma na guguwar teku. Hukuma tana ba da gargaɗi mataki huɗu a rediyo. A mataki na 2 ake rufe makarantu, a na 3 aiki da sufuri suke tsayawa. Da ya ji na farko, ya cika jarkoki da ruwa, ya sayi kyandir da burodi, ya caja wayarsa, ya duba tukunyar gas. Kada ƙuruciya ta kai shi kallon ruwa, domin guguwar Belal ta Janairun 2024 ta kwashe motoci a titunan Port Louis.

Amsa daga wani malami, Zango:

Alhaji, ka kwantar da hankalinka kan addini. Musulmi suna da yawa a can, kusan mutum ɗaya cikin shida, naman halal ba ya wuyar samu, kuma akwai tsohon masallacin Juma'a a tsakiyar Port Louis da wasu da dama a unguwar Plaine Verte. Abu biyu zai lura da su. Alƙibla a can ba gabas ba ce, arewa ce da ɗan karkata yamma. Sannan galibinsu ƴan mazhabar Hanafiyya ne, suna jinkirta la'asar fiye da mu; ya bi jam'i, kada ya ɗauki hakan abin jayayya.

Ƙarin bayani daga tsohon ɗalibin:

Baba, na tuna wani abu. Ya riƙe katin rigakafin shawara a hannu, ba cikin akwati ba. Kuma tun da an kawar da zazzaɓin cizon sauro a ƙasar, jami'an lafiya sukan bibiyi wanda ya zo daga irin ƙasashenmu su ɗebi jininsa, kada hakan ya tsorata shi. Suna gabanmu da awa uku, saboda haka idan Inna za ta kira shi, ta kira kafin magaribarmu.