Muhawara: Kwalejin koyon sana'a ta kuɗi a Amurka, hanya ce ko tarko?

Yayan ɗaliba: Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Ƙanwata ta gama wata kwalejin koyon sana'a mai zaman kanta a nan Amurka, ta karanci aikin taimaka wa likita. Tambaya kawai ta je yi, ba su bar ta ta fito ba sai da ta sa hannu a takardar bashi. Yau ga satifiket a hannu, ga bashin gwamnati a wuya, aikin da aka yi mata alkawari shiru. Ta nemi ƙarasa digiri a jami'ar jiha, aka ce darussan da ta yi ba za a ƙirga mata su ba. Ku dubi tallarsu kuma, baƙar fata da farar fata da 'yan Latin kowa yana murmushi, wai kowa nasu ne. Ni dai na ce tarko ne ake ɗana wa talakawa.

Mai gyaran na'urar sanyi: Wa alaikumus salam. Malam, su waye talakawan? Irin wannan makaranta na yi, kuma da ita nake ci da iyalina. Ka janye kalmar nan.

Yayan ɗaliba: Ban kira sunanka ba, Alhaji.

Mai gyaran na'urar sanyi: Ba sai ka kira ba. Duk wanda ya shiga makarantar ka haɗa.

Uwar yara uku: Talauci zagi ne? Ni ma talaka ce, ban ji haushi ba. Ina aiki da rana, yara da yamma, wace jami'a ce za ta tsara min aji da dare ta sallame ni cikin shekara? Su sun yi. Abin da ba su faɗa min ba shi ne kwalejin gwamnati ta unguwa tana koyar da abu ɗaya a kan kuɗi kaɗan.

Malamin lissafi: Don Allah mu koma kan magana. A 2012 kwamitin Sanata Tom Harkin ya binciki kamfanoni 30 masu irin waɗannan makarantu, ya gano abin da suke kashewa wajen talla da farautar ɗalibai ya fi abin da suke kashewa wajen koyarwa. Biyu daga cikin kamfanonin, Corinthian ta rushe a 2015, ITT Tech ta bi bayanta a 2016, ɗalibai suka wayi gari ƙofa a kulle. Sai a 2022 gwamnati ta yafe wa 'yan Corinthian kusan 560,000 bashin dala biliyan 5.8. Doka ta hana makarantar kuɗi mai neman riba samun fiye da kashi 90 na kuɗin shigarta daga tallafin gwamnatin tarayya, amma da can kuɗin karatun tsofaffin sojoji ba ya cikin lissafin, shi ya sa aka riƙa bin su. Yawan baƙar fata da mata a rajista ba ya nuna adalci sai an ga nawa suka gama, nawa suka samu aiki.

Mai gyaran na'urar sanyi: To ga shi nan, masu digiri sun iso. Malam, mutum nawa ne da digirin jami'a suke tuƙin Uber a garin nan?

Direba: A bar Uber a maganar nan. Halal muke nema.

Mai gyaran na'urar sanyi: Ban raina ka ba, ƙanina.

Direba: Ka raina mana. Ɗazu kai ne ka hana a ce maka talaka, yanzu kuma da mu kake buga misalin faɗuwa.

Uwar yara uku: Alhaji, tunda abin ya zo nan, ba kai ne ka raba mana takardun makarantarku a taron bara ba? An ce ana ba ku kamasho a kan kowane kai.

Mai gyaran na'urar sanyi: Hajiya, ki ji tsoron Allah! Wa ya ce? Ki kawo shi nan.

Uwar yara uku: An dai ce.

Malamin lissafi: Wanda zai shiga kowace makaranta ya fara duba shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi. Akwai kuɗin makaranta, yawan masu gamawa, da albashin da suke samu bayan sun fita.

Direba: Malam, ka bari tukuna, sai ya ba ni haƙuri.

Yayan ɗaliba: Ni fa ƙanwata ce kuka a gabana, ku kuna ta kanku.

Shugaban zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da na fahimta shi ne yawancinmu mun yarda makarantun sana'a suna da amfani, ɗana ma a can ya koyi walda kuma yana aiki. Matsalar ta wasu ɗalibai ce da ba sa karanta takarda kafin su sa hannu. Kalmar talakawa ba ta dace ba, mai ita ya janye. Wasu daga cikin alƙaluman Malam na makarantun da suka riga suka mutu ne. Zancen kamasho kuma, Hajiya da Alhaji ku same ni ta waya bayan isha'i.