Na ba da kafin alƙalami a kan Kia, yanzu kowa na cewa na yi wauta

Baban Khalil: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekara shida ina tara kuɗin mota. Sau biyu suna kusa cika wani abu ya taso ya cinye, na farko rashin lafiyar mahaifiyata, na biyu wani aboki da na ranta wa, wanda har yau in ya hango ni sai ya sake hanya. Yara uku gare ni, kullum ni ne a bakin titi da su da sassafe. Yanzu na samu Kia ta hannu, na gani raina ya kwanta, na ba da kafin alƙalami. Da na gaya wa yayana sai ya ce na jefa gumina a rijiya. Surukina ko kallon hoton bai yi ba ya ce araha ba ta ado. Shin da gaske motocin kamfanin nan ba su da ƙarko, ko dai suna ne kawai ya ɓaci?

Malam Bakanike: Wa alaikumus salam. Wace Kia? Ta wace shekara? Kilomita nawa ta ci? Ka ba mu labarin abokinka amma ba ka ba mu labarin motar ba.

Injiniya: Yayanka yana magana ne da ilimin shekara talatin baya. Bari in warware maka. Kia ta durƙushe a 1997 lokacin rikicin tattalin arzikin Asiya, Hyundai ta saye ta a 1998. Ita kanta Hyundai da ta shiga Amurka a 1986 da motar Excel, araha ce ta sa aka yi rububinta, daga baya ta koma abin zolaya. A nan sunan ya ɓaci. To me suka yi? Suka fito da garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan injin da giya. Wanda bai yarda da kayansa ba ba ya wannan alkawari. A 2006 Kia ta ɗauko Peter Schreyer, Bajamushen da ya yi aiki a Audi, ya sauya fasalin motocin gaba ɗaya. A 2016 ita ta zo ta ɗaya a binciken ingancin sababbin motoci na kamfanin bincike J.D. Power a Amurka. Ka saya, ka toshe kunnenka.

Maman Ilham: Ni dai ban san tarihi ba, amma na san abin da na gani. Maigidana ya sayi wata mai araha, ba zan faɗi sunan kamfanin ba, dillalin har rantsuwa ya yi cewa wata tsohuwa ce ke hawanta. Wata huɗu giya ta tsaya. Ta fi wata biyu a gareji ana jiran kaya, ƙarshe sarƙata aka sayar aka gyara. Har yau ba a mayar min ba, kuma in na yi magana a ce ba ni da haƙuri.

Injiniya: Hajiya, wannan laifin dillali ne da rashin dubawa. Toyota ma da ta kai motarta Crown Amurka a 1958 ba ta karɓu ba, yau wa ke raina ta? Skoda fa, Turawan Ingila barkwanci suke yi da ita kafin Volkswagen ta shiga cikinta a 1991.

Baban Khalil: Optima ce ta 2013, Malam. Ban duba kilomita ba gaskiya, amma cikinta fes, sanyinta kamar firji, ko ƙwarzane babu.

Malam Bakanike: Yallabai, kujera da fenti ba su ne mota ba. Kuma tunda Injiniya ya iya tarihi, ya kamata ya ƙarasa. Injin Theta II da ke cikin Optima ta waɗannan shekaru shi ne aka yi ta rigima a kansa. A 2017 Kia ta yi kiran a dawo da Optima ta 2011 zuwa 2014 a Amurka, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage tun daga masana'anta yana tare hanyar mai, injin ya fara ƙwanƙwasa har ya kame. A 2020 hukumar kula da lafiyar motoci ta can ta ci tarar Hyundai da Kia dala miliyan 210 kan jinkirin kiran. Ba duk ƙasa aka kai injin iri ɗaya ba, don haka ka karɓi lambar shasi ka bincika ko tana cikin waɗanda aka kira, kuma ko an gyara. Ka tayar da ita da safe injin na sanyi ka saurara, ka zaro sandar mai ka duba. Garantin da ake ta faɗa kuwa na wanda ya saye ta sabuwa ne.

Injiniya: Wane kamfani ne bai taɓa kiran motocinsa ba? Mutum ya riƙa juye mai a kan lokaci, shi ke nan.

Ɗan Direba: Ku bar maganar injin, ranar sayarwa ake kuka. Mai araha wajen saye ita ce mai araha wajen sayarwa. Ni tawa wata bakwai na yi ina neman mai saye, kowa ya zo sai ya taya kamar yana sayen ƙarfen awo. Ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi wadda ta girme ta amma mai suna.

Baban Khalil: Na gode, amma ku ba ku san halin da nake ciki ba. In na ce zan ƙara tarawa, wani abu ne zai sake tasowa. Kuma ni ba don in sayar zan saya ba. Mai motar mutumin kirki ne, tare muke sallah, ba na jin zai cuce ni. In na ce zan kawo bakanike zai ga kamar ban yarda da shi ba.

Maman Ilham: Namu dillalin ma a sahun gaba yake sallah.

Malam Bakanike: Ba wanda ya ce zai cuce ka, shi ma wataƙila bai san abin da ke cikin injinsa ba. Lambar shasin dai nake jira.

Baban Khalil: Zan tambaye shi in Allah ya so. Amma ya ce in kai cikon kuɗin ranar Asabar, akwai wani da ke jira. Injiniya, baƙa ce, ana cewa baƙar mota ta fi ɗaukar zafi, gaskiya ne?