Goge sunaye ya isa kafin a miƙa bayanan binciken gidaje ga ma'aikatar gwamnati?

Zainab:
Assalamu alaikum. A ce ƙungiyar bincike ta yi amfani da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ta tattara bayanan gidaje 3,000 a kan tallafin kuɗi da gwamnati ke ba marasa ƙarfi. Fayil ɗin yana da suna, lambar waya, mazaɓa, shekarun mai gida, yawan iyali, ƙabila, ko akwai mai lalura a gidan, da GPS. Ma'aikatar jiha na son sa don tsara shirinta, wata jami'a a Turai ma ta nema. An goge sunaye, lambobin waya kuma an mayar da su hash, wato an juya kowace lamba ta hanyar lissafin kwamfuta ta zama jerin haruffa da alƙaluma don a ɓoye ta. Wannan ya isa, ko da saura?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam Malama Zainab. Da saura, kuma da yawa.

Abin da ke tona mutum shi ne haɗuwar ƙananan bayanai. A shekarar 2000 wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ana iya gane su da abu uku kacal: lambar unguwa ta gidan waya, jinsi da ranar haihuwa. A naku fayil ɗin abin ya fi sauƙi. Mai gida ɗan shekara 68, mai iyali 27, da yaro mai lalura, a mazaɓa kaza: kowa a garin ya san gidan.

Hash ɗin lambar waya kuwa ruɗin kai ne. Lambobinmu 11 ne, galibi suna farawa da 070, 080, 081, 090 ko 091, saura lamba takwas. Ke nan kusan miliyan 500 ne duka, kwamfutar tafi-da-gidanka za ta lissafa hash ɗinsu baki ɗaya ta gwada da naku ba tare da wahala ba. Haka aka warware lambobin motocin tasi na New York da aka mayar hash a 2014. A cire lambobin wayar gaba ɗaya, a ba kowane gida lambar da aka zaɓa ba bisa wani tsari ba, fayil ɗin da ke haɗa lambar da sunan kuma a kulle shi daban.

Sannan shekaru a dunƙule su biyar-biyar, 70 zuwa sama su zama rukuni ɗaya. Yawan iyali a tsayar da shi a "10 zuwa sama". Mazaɓa a mayar da ita ƙaramar hukuma. GPS ko dai a cire, ko a yi yadda binciken DHS, na yawan jama'a da lafiya, ke yi: ba ya fitar da na gida ɗaya, tsakiyar rukunin gidaje yake bayarwa, shi ma a gusar da shi har kilomita 2 a birni, har 5 a karkara, kashi ɗaya cikin ɗari na karkarar har 10. Bayan haka a gwada da sdcMicro, kayan aikin auna haɗarin gano mutum a cikin manhajar lissafi ta R, a ga ko akwai haɗin bayanai da gidajen da ke da shi ba su kai 5 ba. In akwai, a ƙara dunƙulewa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gurbin "ƙarin bayani", inda ma'aikacin fili ke rubuta "gidan liman na bayan kasuwa". A karanta shi layi-layi ko a zubar. Haka ma a cire lokacin fara hira da gama ta da lambar na'ura da Kobo ke ajiyewa.

Barista Hauwa:
Ta fuskar doka, ma'aunin shi ne ko ana iya gano mutum, kai tsaye ko ta hanyar haɗa bayanai. Muddin ana iyawa, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana aiki a kan fayil ɗin. Kuma ku lura da wanda zai karɓa. Ma'aikatar da ke riƙe da rajistar masu cin gajiyar tallafi tana da jerin gidajen a hannunta, haɗa shi da naku aikin yini ɗaya ne. Mutumin da ya ce muku jami'i ya zaftare masa kuɗi, ga amsarsa ta koma teburin ofishin da ya yi ƙorafi a kai.

Kafin komai a ɗauko takardar amincewa da mutanen suka sa wa hannu. In an ce musu "don bincike ne kawai", ba za a miƙa bayanansu a tantance wanda ya cancanci tallafi da su ba, dalilin ya sauya. Ƙabila da halin lafiya suna cikin bayanai masu tsauri a dokar, sharaɗinsu ya fi nauyi. Sashe na 28 ya wajabta a rubuta nazarin haɗari kafin irin wannan aiki. Jami'ar Turai kuma ta faɗa ƙarƙashin sashe na 41 zuwa 43 na fitar da bayanai waje, sai da yarjejeniya a rubuce ko wata hujjar da dokar ta yarda da ita. In bayanan suka zube ta yadda za su iya cutar da mutane, sashe na 40 ya ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Tara ga manyan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, wanda ya fi yawa.

Dr. Aminu:
Malam Sani, ina tare da kai, sai dai in aka dunƙule komai zuwa ƙaramar hukuma, ma'aikatar ba za ta ga mazaɓun da aka bari a baya ba, alhali shi ne amfanin binciken. Ni a ganina a raba gida biyu. Ma'aikata ba ta buƙatar layin kowane gida, jadawali take buƙata. A ba ta alƙaluma a matakin mazaɓa, duk gurbin da bai kai gidaje 10 ba a rufe. A rufe wani gurbi na biyu a layin, in ba haka ba mai lissafi zai cire sauran daga jimilla ya samo shi. Jami'ar ita za a ba fayil ɗin da aka dunƙule, bisa sharaɗin ba haɗawa da wani fayil, ba ƙoƙarin gano kowa, da ranar gogewa.

In kuwa ma'aikatar ta ce tana son bayanan ne don ta horar da manhajar da za ta riƙa zaƙulo "masu ha'inci", a nuna mata abin da ya faru a Holan. Kotun Hague ta dakatar da tsarin SyRI, manhajar gwamnati ta zaƙulo waɗanda ake zargi da zamba a tallafi, a Fabrairun 2020, badaƙalar tallafin renon yara kuma, inda aka zargi dubban iyaye da zamba bisa kuskure, ta sa gwamnatin Firaminista Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. Sashe na 37 na dokarmu ya ba mutum haƙƙin kada na'ura kaɗai ta yanke masa irin wannan hukunci. A sa wannan a yarjejeniyar tun kafin a tura jadawalin farko.