Kunne ko Fitila? Taimin ɗin motar MGB ya raba kan 'yan zaure

Sadiku Samaru: Assalamu alaikum. Ina neman shawara. MGB ce ta marigayi mahaifinmu, ƙirar 1966, ya saye ta a hannun wani Bature malamin jami'a da zai koma ƙasarsu. Ta daɗe a kwance, bana na tashe ta. Jiya wani makanike ya saita min taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) da kunne, silo ya zauna lafiya lau. Amma da na hau hanyar Shika, ina giya ta huɗu na taka totur, sai na ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Yau da safe kuma sitata na juyawa da ƙyar, kamar injin yana tunkuɗo ta baya.

Baba na Tudun Wada: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Wuta ce ta yi gaba da yawa. Amma laifin mai kunnen ne, ba na kunne ba. Tun ana harhaɗa 504 a Kaduna nake riƙe da sifana, ban taɓa sayen fitilar taimin ba, wadda ake haska inji da ita a auna lokacin wuta. Na faɗa na ƙara: tsohon inji kunne ke saita shi, fitila kayan ado ce.

Injiniya Hadi: Baba, a gafarce ni, nan kam ban bi ka ba. Gani ya kori ji. Kana juya distirbuta, mai raba wa fulogai wuta, zuwa adibans, wato wuta ta zo da wuri, silo zai yi ta ƙara daɗi har ka wuce gona da iri, don a silo babu nauyi a kan inji. Daɗin nan shi ya yaudari makaniken. Abin da ake so shi ne fulogi ya ba da wuta kafin fistin ya kai ƙololuwa, saboda mai yana ɗaukar lokaci kafin ya cinye, ƙarfin ya zo daidai lokacin da fistin ya fara gangarowa. Littafin MGB na farko-farko ya ce digiri 10 kafin ƙololuwa in injin a kashe yake. Wane kunne ne zai bambance 10 da 18?

Baba na Tudun Wada: Littafin da aka rubuta a Ingila, don man Ingila? Hadi, wancan fetur mai dalma ne, oktan ɗinsa 97 ko fiye. Yanzu dalma ta ƙare a fetur, namu kuma bai kai wancan ƙarfin ba. Ga zafin Afrilu a Zariya. Ka sa 10 ɗinka, in ta ga dama ta ci gaba da kaɗa tsakuwar. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Ɗan Kwangila: To fa! Rimi dai ba mu rasa shi a Zazzau ba, Injiniya sai ka zaɓi wanda za ka hau 😂

Malama Hauwa (mai koyar da kanikanci): Baba yana da gaskiya kan mai, Injiniya yana da gaskiya kan silo, amma duk kun tsallake abu na farko. Sadiku, an auna ratar kwantak, ƙarafan nan biyu da ke buɗewa da rufewa a cikin distirbuta, kafin a taɓa taimin?

Sadiku Samaru: Anti, da ido ya duba, sai ya goga da takardar yashi.

Malama Hauwa: Na san a rina. Distirbutar motarka Lucas 25D ce, ratar kwantak ɗinta 0.014 zuwa 0.016 na inci. In ratar ta buɗe da yawa wuta na zuwa da wuri, in ta tsuke tana makara. Duk wanda ya saita taimin sannan ya dawo ya gyara kwantak, aikin baban giwa ya yi. Sai na biyu: cire murfi, kama rota ka ɗan murɗa ta, ka saki. Ya kamata ta dawo da kanta, tsaf. A ƙarƙashin farantin akwai ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin, su ke ƙara adibans idan inji ya ɗau gudu. Motar da ta shekara goma tana shan ƙurar hunturu, ko dai sun daskare ko sifirin sun saki. In sun saki, adibans yana shigowa tun da wuri, kuma ko digiri 10 na littafin ba zai cece ka ba.

Injiniya Hadi: Madalla Malama. To wannan ai hujjata ce. Fitila kaɗai ke nuna maka alamar taimin da ke jikin fuli, faifan da ke juyawa a gaban inji, tana tafiya yayin da kake ƙara totur. Ka zare tiyon iska na distirbuta ka toshe, ka kai injin wajen juyi 3,500, ka ga inda alamar ta tsaya. Masu irin wannan injin yawanci suna neman kusan digiri 32 gaba ɗaya. Can ne fistin ke hujewa, ba a silo ba, kuma a wannan gudun ƙarar salansa da iska sun rufe komai. Buɗaɗɗiyar mota ce fa.

Baba na Tudun Wada: Wa ya ce maka a silo nake tsayawa? Wannan aikin yaran yanzu ne. Ni sai inji ya yi zafi in fita da ita titi, in sa giya ta huɗu tana tafiya a hankali, in danne totur ƙasa. Ta yi tsakuwa, in tsaya in ja wutar baya kaɗan. In sake. Har sai ƙarar ta ɗauke, sannan in ƙara ja da ɗan kaɗan saboda ranar da za a sha mai marar kyau. A jikin 25D akwai wata 'yar ƙaramar goro mai rubutun A da R (A a kai wuta gaba, R a ja ta baya), don wannan aka yi ta. Turawan da suka ƙera motar a Abingdon ta Ingila su ma sun san mai ba ɗaya ba ne.

Malama Hauwa: Wannan gwajin naka Baba ba ni da ja a kansa, ni ma da shi nake rufewa. Sai dai ba shi ne "saita da kunne" da ake yi a yawancin gareji ba. Kuma in an ja baya da yawa, mota ta yi nauyi, ta sha mai, lagireto ya dinga tafasa a cunkoson PZ.

Ɗan Kwangila: Wato Baba ya ci rabi, Injiniya ya ci rabi, Malama ta kwashe tukunyar.

Baba na Tudun Wada: Ban ci rabi ba, ja'iri. Duka na ci.

Sadiku Samaru: Yanzu na fito na buɗe murfin. Na murɗa rota, ta tafi, amma ba ta dawo ba sai da na mayar da ita da hannu. Na kuma tsotsi tiyon iskan kamar yadda na ga ana yi, iska kawai ke wucewa, farantin ko motsi.

Malama Hauwa: Robar cikin abin iskan distirbutar ta yage, ƙarafan kuma sun maƙale a buɗe. Shi ya sa sitata ke wahala da safe. Kada ka sake hawa titi da ita. A ciro distirbutar a wanke, a sa mai, a sauya abin iskan. Wajen mayarwa ka tuna jerin wuta 1-3-4-2 ne, lamba ɗaya na gaba wajen lagireto, rota kuma hagu take juyawa.

Injiniya Hadi: Zan kawo fitilata ranar Asabar. Amma duba min batir tukuna. Ƙirar 1966 daga kamfani fozitib ne ke jone da bodi, sai a ƙarshen 1967 suka juya. In ba a sauya ba, kada mu ƙona fitilar. Batiran suna bayan kujeru, guda biyu masu bolt 6, in ba a mayar da su ɗaya ba. Alamar taimin kuma a ƙasan fuli take, sai an kwanta. Nemo tabarma da alli.

Baba na Tudun Wada: Ni ma zan zo bayan la'asar. Ku gama haske-haskenku, ni zan tuƙa ta zuwa Shika. Ɗana, ka sa a dafa shayi.