Risibata tana yanke ɗauka tana sake kunna kanta, ina matsalar take?

Baban Walida, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana harkar dish ku taimaka min. Ina da risiba mai ɗaukar shiri, irin wadda ake jona wa had-dis ta USB. Dish biyu ne a kan rufi, ɗaya Nilesat ɗaya Arabsat, an haɗa su da ɗan suwich. Mahaifina nake ɗaukar wa karatu da wa'azi, ya kalla bayan isha'i.

Wata uku ke nan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da ɗauka ta fara sai had-dis ya yi ƙwas-ƙwas sau biyu ko uku, risibar ta mutu ta sake kunna kanta. Ran da ba ta mutu ba, ɗaukar kan tsaya bayan awa ɗaya da 'yan mintuna. Wani lokacin na saita agogo, in dawo in tarar ba ta ɗauki komai ba. Da rana kuma wasu tashoshi na ɓacewa, wasu na nan garau. Na canza had-dis sau ɗaya, an sake mata manhaja sau biyu, ba abin da ya canza. In jefar da ita ne?

Oga mai dish, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka jefar tukuna. Kafin komai, juya adaftar ka faɗa mana abin da aka rubuta a bayanta, sannan had-dis ɗin yana da tasa wutar ko daga risibar yake sha?

Baban Walida:
An rubuta 12V 1A. Ba ita ta zo da risibar ba, ta asalin ta ƙone bara. Had-dis ɗin ƙarami ne, 500GB, waya ɗaya kawai gare shi.

Injiniya, Samaru:
To an bar jaki ana dukan taiki. Manhaja ba ta da laifi a nan, wuta ce ba ta isa.

Ga lissafin. Adafta mai 12V 1A iyakarta wat 12, in ma da gaske take, don da yawa daga cikin masu arahar nan ba sa kai abin da aka rubuta musu. A cikin wat 12 ɗin risiba za ta ci nata, ta tura wa LNB, wato ɗan kan da ke gaban dish mai karɓar sigina, wuta ta cikin kebul, sannan ta ciyar da had-dis. Ramin USB 2.0 an tsara shi ya ba da 5V 500mA, shi kuwa ƙaramin had-dis a daidai lokacin da faifansa zai fara juyawa yakan nemi kusan 1A. Wannan ƙwas-ƙwas da kake ji motarsa ce ke ƙoƙarin tashi tana faɗuwa. Da ya ja wutar sai ta risibar ta faɗi, ita kuma ta sake kunna kanta. Shi ya sa ba ta mutuwa kana kallo, sai ɗauka ta fara.

Gwajin da ba zai ci ka ko kwabo ba: cire had-dis ɗin gaba ɗaya, ka bar risibar a kunne yini guda. In ba ta mutu ba, ka kama ɓarawon.

Magani biyu ne, kuma ni duka biyun zan ce ka yi. Ka samo adafta mai 12V 2A mai nauyi a hannu. Amfiya ta fi yawa ba komai, risiba abin da take buƙata kawai za ta ja. Bolt ɗin ne ba a wasa da shi, 12V cif, kada wani ya ba ka cajar laftof mai 19V don bakinta ya shiga. Ka duba ɗan zanen da ke bayanta, alamar + ta kasance a tsakiyar baki kamar yadda aka zana a jikin risibar. Ka je kasuwa da risibar a hannu, don bakin 5.5 iri biyu ne, mai ramin 2.1 da mai 2.5, kuma in ya yi sako-sako ko taɓa teburi aka yi za ta mutu. Na biyu, ka raba had-dis da wutar risiba: ko kebul mai baki biyu ka sa ɗaya a cajar waya mai 5V 2A, ko ƙaramin hob na USB mai tasa adaftar.

Oga mai dish:
Maganar Injiniya ke nan. Tashoshin da ke ɓacewa da rana ma ina zargin daga nan ne. Alhaji, danna maɓallin bayani a rimot kan kowace tashar da ke ɓacewa, ka duba harafin da ke gaban lambar, H ne ko V. Risiba na tura wa LNB 13V don tashoshin V, 18V don na H. In wuta ta yi rauni, 18 ɗin ke fara gazawa, sai na H su ɓace na V su zauna lafiya.

In kana da mita mai auna wuta, kashe risibar, kwance kebul ɗin dish daga bayanta, kunna, sa tashar H. Baƙar waya a jikin zaren ramin, jar a tsakiya, mita a kan DC. Ya kamata ka ga kusan 18, a tashar V kuma kusan 13. In H na ba ka 15 ko ƙasa, to ga ta nan. Kada dai tsinken mita ya haɗa tsakiya da jiki, kuma kada ka taɓa ɗaura kebul ko kwance shi risiba na kunne, haka ake ƙona suwich.

Maman Haidar, Kongo:
Baban Walida, tsayawar ɗauka bayan awa ɗaya matsala ce daban, ko ka gyara wuta za ta ci gaba. Ina kyautata zaton tsarin ajiye fayil na had-dis ɗinka FAT32 ne, shi kuwa ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. Tashar HD da ke zuwa da megabit 8 a daƙiƙa tana cin kusan 3.6GB a awa, ka ga 4GB zai cika a awa ɗaya da minti goma da ɗan abin da ya ɗora. Wasu risibobin na yanka fayil su ci gaba a sabo, wasu tsayawa kawai suke.

Ka jona shi a kwamfuta ka kwashe abin da kake so, don fomat zai share komai. Sannan ka shiga saitin ɗauka na risibar ka ga ko tana da zaɓin NTFS, tsarin da ba shi da wannan iyaka ta 4GB. In akwai, ka bar ta ita ta yi fomat ɗin da kanta, ya fi zama lafiya.

Tunda ya sha mutuwa ana tsakiyar rubutu a kansa, ka duba lafiyarsa ma. CrystalDiskInfo, manhajar kwamfuta mai duba lafiyar had-dis, kyauta ce. In ta nuna shuɗi, lafiya. In ta nuna rawaya tare da adadin wuraren da suka lalace, kada ka ƙara ajiye abu mai muhimmanci a ciki. Kuma ka shiga saiti ka kashe timeshift, wannan da ke ba ka damar tsayar da shiri kana kallo. In yana kunne had-dis na ta rubutu ko ba ka sa ɗauka ba, ga zafi ga cin wuta.

Abu Sadik:
Ni dai a ganina a sayi filash 64GB a huta, ba ya cin wuta kamar had-dis.

Maman Haidar:
Gaskiya ne ba ya cin wuta, kuma don gwaji yana da kyau. Amma jabu sun yi yawa: a rubuta 64GB alhali cikinsa 8 ne, da ya cika sai ya riƙa taka na baya, ka ga sunan fayil amma ya ƙi buɗuwa. Duk wanda ya saya ya gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw kafin ya dogara da shi. Marar saurin rubutu kuma hoton HD zai riƙa tsattsagewa a kansa.

Baba mai gyaran rediyo, Ƙofar Doka:
Yaro, in ka canza adafta abin bai daina ba, to kondensa ne, wato ƙananan gwangwanayen nan masu tara wuta a cikin risibar. A buɗe a duba waɗanda ke kusa da inda wuta ke shiga. Mai lafiya kansa a shafe yake. Wanda ya mutu kansa kan kumbura kamar an hura shi, wani har da ɗan tsatsa-tsatsa a kan tsagar. Galibi irin su 470µF ko 1000µF ne masu 16V ko 25V. A sa mai µF ɗaya da wanda aka cire, bolt daidai ko sama, mai rubutun 105°C ba 85°C ba, a lura da ƙafar da ke da zanen ragi. Zafin Zariya na watan Maris zuwa Mayu shi ke dafa su, balle risibar da aka ɗora a kan wata na'ura ko aka lulluɓe da ƙyallen ado. A ba ta iska, a busa ƙurar hunturu daga ramukanta.

Ga masu risibar da ke shan wutar gida kai tsaye ba adafta: babban kondensan nan mai 400V yana riƙe sama da 300V ko an zare filogi. Wanda bai iya sauke shi ba kada ya sa hannu. Sake manhaja kuma a daina haka nan. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar yi, ko aka sa wadda ba tata ba, an yi gyaran gangar auzinawa.

Injiniya:
Saura agogo. Yawancin waɗannan risibobin ba su da batirin riƙe lokaci, daga tauraron suke karɓa. Ka sa yankin lokaci a GMT+1, ka kashe zaɓin lokacin bazara, ba ma yin sa a Najeriya. Ba kowace tasha ke turo lokaci daidai ba, don haka ka lura da wadda in ka tsaya a kanta agogon ke yin daidai da na wayarka, ka riƙa barin risibar a kanta kafin ka kashe da rimot. Da rimot, ba a bango ba. Sannan in tasha ta ce ƙarfe tara agogon Makka, ƙarfe bakwai ke nan a Zariya, sun riga mu da awa biyu. Ka ƙara minti biyar a gaba, goma a baya. In kuma ramin kebul ɗaya ne a bayanta, ba za ta iya ɗaukar Arabsat yara na kallon Nilesat ba.

Don ɗauke wuta, ƙaramin UPS, wato akwatin batiri mai riƙe wuta, mai 12V irin na rautar intanet ya wadatar, muddin yana ba da 2A.

Baban Walida:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Na sa adafta mai 2A da kebul mai baki biyu, kwana huɗu ba ta mutu ba. FAT32 ne kuwa, na mayar NTFS, jiya ta ɗauki awa biyu da rabi. Tashoshin da ke ɓacewa duk H ne, sun dawo, sai dai na Arabsat har yanzu suna ɗan tsattsagewa.

Oga mai dish:
Madalla. Wannan kuma sai an hau rufi. Layin ƙarfin sigina ba shi za ka kalla ba, na kwaliti ne mai magana. Kashe risiba, cire suwich ɗin, haɗa kebul ɗin Arabsat kai tsaye. In kwaliti ya tashi, suwich ne ya gaji, a canza. In bai tashi ba, kwance kan kebul ɗin wajen LNB: in wayar tsakiya ta yi kore ko baƙi, ruwa ya shiga. A yanke kamar taƙi ɗaya har a ga jan ƙarfe mai sheƙi, a sa sabon kai, a tabbata ko silin gashi ɗaya na ragar bai taɓa ta tsakiya ba. A naɗe da tef mai kama jikinsa, a bar kebul ya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga gida don ruwa ya ɗige a waje. In duk wannan lafiya, dish ne ya gusa, mutum ɗaya a sama yana motsa shi kaɗan-kaɗan, ɗaya a ƙasa yana karanto masa lamba. Ku ɗaure notunan sosai kafin iskar farkon damina ta iso.