Takarda ce ta rage ikon Sarkin Ingila, ko rashin kuɗi?

Ɗalibar Shari'a: Assalamu alaikum. A aji yau an koya mana cewa Dokar 'Yanci ta 1689 ce ta raba Sarkin Ingila da iko, daga ranar ya koma sarkin ado, mulki ya dawo hannun majalisa. Ni dai na gamsu. Dokar ta hana sarki dakatar da doka, ta hana shi karɓar haraji ko ajiye runduna a lokacin zaman lafiya sai da yardar majalisa, kuma ba a kai ɗan majalisa kotu kan abin da ya faɗa a zaure. To me ya rage masa?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. 'Yata, abin da ya rage masa ba kaɗan ba ne. Wiliyam na Uku, sarkin da ya hau gadon mulki a 1689, shi ke naɗa ministoci ya sauke su, yaƙi da sulhu duk a bakinsa suke. Da kansa ya ja daga zuwa Ailan ya karya rundunar Jems na Biyu, sarkin da ya kawar daga gadon mulki, a bakin kogin Boyne a 1690. A 1693 majalisa ta kawo masa ƙudurin da zai wajabta zaɓe duk shekara uku, ya ƙi sa hannu, sai a 1694 ya yarda. Sarauniya Ann ma ta taɓa ƙin sa hannu a 1708. Wannan ba aikin sarkin ado ba ne.

Tsohon Akawu: Allah gafarta Malam, gaskiyarka. Amma me ya sa ya sauko a 1694? Kuɗi. Na yi shekaru ina rubuta albashi, na san wanda ke riƙe da makullin ma'aji shi ake yi wa sallama da safe. A 1685 majalisa ta ba Jems na Biyu kuɗin shiga na tsawon ransa. Kafin shekarar ta ƙare ya sallame su, bai sake kiran su ba har ya bar gadon mulki. Wannan ya zauna musu a rai. Da Wiliyam ya zo, sai suka ba shi kuɗin kwastan na shekara huɗu kacal, ga shi kuma yana cikin yaƙi da Sarkin Faransa Luwi na 14 har zuwa 1697. Ga sojoji na jiran albashi, ga jiragen ruwa na jiran gyara. Dole ya kira su kowace shekara, kuma tun daga 1689 babu shekarar da majalisar ba ta zauna ba. Bankin Ingila ma da rancen fam miliyan 1.2 ya fara a 1694, masu kuɗin kuwa harajin da majalisa ta sanya suka duba kafin su bayar.

Ɗalibar Shari'a: Baba, ai hujjata ka ƙarfafa. In ba doka ta hana shi ba, me zai hana ya aza harajinsa kamar yadda Sarki Cals na Ɗaya, mahaifin Jems, ya karɓi harajin jiragen ruwa ba izinin majalisa, ya yi shekara 11 ba majalisa?

Tsohon Akawu: Shi Cals ɗin, a 1628 ya amince da takardar da ta haramta haraji ba izinin majalisa. Shekara na zagayowa ya kore su. Takardar tana nan a ajiye, ba ta hana shi komai ba.

Mai Kantin Littattafai: Ku gafarce ni, akwai abin da aka tsallake. Wiliyam ya sauka a Torbay, a gaɓar tekun Ingila, ranar 5 ga Nuwamba 1688 da sojoji wajen 15,000 daga Holan. Mutum bakwai ne suka rubuta masa goron gayyata, bayan an haifa wa Jems ɗa namiji da zai gaje shi a kan ɗariƙar Katolika. Jems ya gudu cikin dare, ya jefa babban hatimin sarauta a kogin Tems. Lokacin da aka miƙa wa Wiliyam da matarsa Meri sarauta a Fabrairun 1689, sojojin Holan ke gadin Landan. Ina jin nauyin kiran wannan nasarar majalisa. Katolikan Ailan kuwa ƙwace gonaki da dokokin wariya suka gani.

Malamin Tarihi: Maganar Ailan ba gardama, zalunci ne. Amma dubi 1699. Yaƙi ya ƙare, majalisa ta rage rundunar Ingila zuwa 7,000, ta ce dogaransa 'yan Holan su koma gida. Waɗannan fa su ya zo da su, suka tsaya masa a Boyne. Ya aika wa majalisa saƙo yana roƙo a bar masa su, suka ƙi. Har tunanin barin ƙasar ya yi. Haka nan aka loda su a jirgi.

Ɗalibar Shari'a: Malam, da wace hujja suka ƙi? Da sashen nan na 1689 da ya ce ba runduna lokacin zaman lafiya sai da yardarsu. Na janye kalmar sarkin ado, na yarda na yi gaggawa. Amma ban janye takarda ba. Jems ya sauke alƙalai a 1686 don ya samu hukuncin da yake so. Dokar 1701 ta ce alƙali na nan a kujerarsa muddin bai yi laifi ba, kuma sai zaurukan majalisa biyu sun nema ake cire shi. Baba, wannan kuma wane makullin ma'aji ne ya kawo shi?

Tsohon Akawu: Bari in dawo daga masallaci, 'yata. Ina da magana kan lokacin da sashen alƙalan ya fara aiki, don sai da Ann ta rasu a 1714.