Na fara koyon saƙa da kibiya biyu, amma idanun sai ƙaruwa suke yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara. Mako biyu kenan da na fara koyon saƙa da kibiya biyu, burina in yi wa jaririn yayata ɗan bargo da hannuna. Na sayi baƙin zare siriri da kibiyoyin ƙarfe masu milimita 3. Damuwata uku ce. Ina ɗora ido 20, wato madaukan zare, a kan kibiya, kafin in yi layi goma sai in ƙirga 26. Saƙar tana yin tauri har kibiyar ba ta shiga sai da ƙarfi, yatsuna duk ciwo. Ɗan abin da na samu na saƙa kuma gefensa sai nannaɗewa yake yi. Shin hannuna ne bai dace da wannan sana'a ba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Hannunki lafiya lau, kayan da kika fara da su ne suka wahalar da ke. Baƙin zare yana ɓoye ido, ko gwanaye sai sun nemi haske sosai kafin su saƙa shi. Ajiye shi tukuna. Nemi zare mai hasken launi, mai matsakaicin kauri, marar gashi-gashi. Ki duba takardar da ke naɗe da shi: a wasu za ki ga lamba 4, shi ne matsakaici, kuma yawanci ana rubuta girman kibiyar da ta dace, daga milimita 4.5 zuwa 5.5. Ki ɗauki ta milimita 5, in da hali ta gora ko ta katako, don ta ƙarfe santsi gare ta, ido kan sulluɓe. Zaren ulu ko na akirilik, wato na roba, ya fi na auduga sauƙi ga mai koyo, saboda auduga ba ta miƙewa.

Amsa ta biyu:
Ni kan ƙaruwar idon zan yi magana, don ya taɓa sa ni kuka. Lura da farkon layi. Idan kika juya aikin, zaren ya kamata ya rataya ƙasa. In kika ja shi ta saman kibiya zuwa baya, idon farko zai miƙe ya nuna ƙafa biyu, ke kuma ki ɗauka ido biyu ne ki saƙa kowanne. Shi kenan an ƙara ɗaya. Hanya ta biyu ita ce zaren ya haye kibiya a tsakiyar layi ba da saninki ba, nan za ki ga ɗan rami a wurin. Ta uku, bakin kibiya ya tsaga zaren gida biyu. Maganin duka ƙirga ne: duk layin da kika gama, ki ƙirga kafin ki juya. In kin ga 21, kuskuren yana cikin layin nan, sai ki warware ido ɗaya bayan ɗaya har ki kai gare shi, ba sai kin zare duka ba. Kuma kada ki ajiye aiki a tsakiyar layi, in kin dawo za ki iya juyawa ta inda ba nan ba.

Amsa ta uku:
Taurin nan daga saƙa a kan tsinin kibiya yake zuwa. Tura sabon ido ya hau jikin kibiyar mai kauri, shi ne zai ba shi girmansa, kuma ki daina jan zare bayan kowane ido. Ki riƙa hutar da hannu, in ciwo ya fara ki tsaya.

Amsa ta huɗu:
'Yata, nannaɗewar nan ba laifinki ba ce. Saƙa iri biyu ce tushe: ta fuska, mai kama da harafin V, da ta baya, mai ɗan ƙulli. Duk wanda ya yi layi ɗaya fuska, layi ɗaya baya, gefen aikinsa sai ya nannaɗe, halin saƙar kenan. Yi ta fuska zalla a kowane layi, za ta kwanta shimfiɗe. Shawarata kada ki fara da bargon. Saƙa 'yan murabba'ai masu ido 20 ko 25, kowanne ki koyi ɗora ido da rufe saƙar a ƙarshe a kansa, daga baya ki haɗa masu kyaun da allura, ga bargo ya fito. Ki sayi zaren gaba ɗaya, ki tabbata lambar rinin da ke jikin takardar iri ɗaya ce, in ba haka ba launin zai ɗan bambanta. Ki ajiye kwarashi kusa, da shi ake kamo idon da ya zame. In akirilik ne, kada dutsen guga mai zafi ya taɓa shi, narkewa yake yi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, ashe idon farkon nan nake saƙawa sau biyu. Na samo zare ruwan madara da kibiyar gora mai milimita 5. Daren jiya na yi layi 12, na ƙirga kowanne, har yanzu ido 20 ne. Idan na gama murabba'in farko zan dawo ku koya min yadda ake rufewa.